Kafin ka kawo kare gidanka a Amurka: jagora kan inshorar gida da irin karnukan da kamfanoni ke ƙi

A Amurka, idan karenka ya ciji ɗan maƙwabci, maganar ba ta ƙarewa a ban haƙuri da biyan kuɗin allura a gaban dattawan unguwa. Takardar kuɗin asibiti za ta iso, wasiƙar lauya ta biyo bayanta. Abin da kawai ke tsaye tsakaninka da asarar abin da ka shekara kana tarawa shi ne wani sashe na takardar inshorar gidanka, wanda yawancin mutane ba su taɓa buɗewa ba. Wannan sashen kuwa yana iya zama babu karenka a cikinsa, saboda irinsa kawai, ko da bai taɓa yi wa kowa haushi ba.

Kuɗin da ake magana ba na wasa ba ne. Ƙididdigar da cibiyar Insurance Information Institute ta fitar tare da kamfanin State Farm ta nuna cewa a 2023 kamfanonin inshorar gida sun biya dala biliyan 1.12 a kan cizon kare da sauran raunukan da karnuka suka jawo. An nemi diyya sau 19,062, kuma idan aka raba daidai, kowace ta kama dala 58,545. Kalifoniya ce kan gaba, Fulorida na bin ta. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta daɗe tana ƙiyasta cewa karnuka na cizon mutum kusan miliyan 4.5 a shekara a ƙasar, kuma yara ne suka fi shan munanan raunuka.

Na san da yawa cikin mutanenmu da ke Bronx ko Houston ko Greensboro ba sa ajiye kare a ɗaki, wasu ma ko kusa da shi ba sa son zuwa. Duk da haka maganar ta shafi mutum uku: wanda ya sayi gida mai fili yana son karen gadi, wanda ya ba da gidansa haya ga mai kare, da wanda 'ya'yansa ke wasa a layin da kusan kowane gida akwai kare.

Mataki na farko: gano sashen da ya shafi kare

Ɗauko takardar inshorarka. Idan gidan naka ne, galibi za ka ga an rubuta HO-3. Idan haya kake, HO-4. Idan ɗaki ka saya a cikin bene na haɗaka, HO-6. Shafin farko yana jera sassa da haruffa, kowanne da adadin kuɗi a gefensa. A, B, C da D na ginin ne, da kayan ciki, da kuɗin zama wani wuri idan gobara ko guguwa ta kore ka. Waɗannan ba ruwansu da cizo. Idonka ya tsaya a kan E da F.

E shi ne na alhakin diyya. Idan wani ya ji rauni ko aka ɓata masa dukiya, doka ta ce kai ne da alhaki, daga nan kamfani zai biya, kuma shi zai ɗauki lauyan da zai kare ka. Yawanci adadinsa tsakanin dala 100,000 ne zuwa 300,000. F kuwa ƙaramin kuɗi ne, daga dala 1,000 zuwa 5,000, na jinyar baƙon da ya ji ciwo, ana biya ba tare da an tsaya binciken mai laifi ba. Shi ne ke kashe ƙananan maganganu kafin su kai kotu.

Ka kuma san abin da ba su rufe ba. Idan karenka ya ciji ɗanka ko matarka, inshorar gida ba ta biya, sai dai inshorar lafiya. Idan ya yayyaga kujerunka ko ya tone ƙofarka, kai za ka gyara. Idan shi karen ne ya kwanta rashin lafiya, wannan wata inshora ce daban ta dabbobi. Sannan ba cizo kaɗai ake biya wa diyya ba: kare mai wasa ya daka tsalle ya kayar da tsohuwa ta karye a ƙugu, ko ya ruga titi ya kayar da mai keke, duk alhakinka ne.

Mataki na biyu: san jerin sunayen, da abin da kamfani ke yi da shi

Babu jeri guda da duk kamfanoni suka yarda da shi, kowanne da nasa, kuma da yawa ba sa bugawa a fili. Amma akwai sunayen da ba a rasa su: Pit Bull da danginsa irin su American Staffordshire Terrier, da Rottweiler, da Doberman, da Chow Chow, da Akita, da Presa Canario, da duk karen da ke da jinin kyarkeci. Wasu kamfanonin kan ƙara German Shepherd, da Cane Corso, da Mastiff, da Great Dane, da Husky, da Malamute.

Duba jerin nan da kyau. Waɗannan su ne karnukan da mutumin da ya saba da gidajen Abuja ko Kaduna zai fara tunawa idan aka ce karen gadi. Girman jiki da kwarjinin da suka sa kake son sa, su ne suka sa kamfani ke gudunsa.

Tushen jerin ba ɓoyayye ba ne. Wani bincike da aka buga a shekarar 2000, wanda masanan CDC ke cikin marubutansa, ya duba mutanen da karnuka suka kashe tsakanin 1979 da 1998, ya gano cewa irin Pit Bull da Rottweiler na da hannu a fiye da rabin mace-macen da aka san irin karen. Sai dai marubutan da kansu sun yi gargaɗin cewa alƙaluman ba su isa a kafa doka a kan irin kare ba, tunda ba a san yawan kowane iri a ƙasar ba, kuma gane irin kare da ido abu ne da ko ƙwararru ke kuskurewa. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka tana adawa da hukunta kare bisa irinsa. A ganina suna da gaskiya a kan cewa tarbiyya da halin mai kare sun fi suna tasiri. Amma kamfani ba halin kare yake lissafawa ba, girman raunin da zai biya yake lissafawa, kuma cizon kare mai nauyin kilo 50 ba ɗaya yake da na ɗan ƙarami ba. Gardamar nan ba za ka ci ta a waya da wakilin kamfani ba, don haka ka adana ƙarfinka.

Idan karenka na cikin jeri, ɗaya cikin huɗu kamfani zai yi. Ko ya ƙi ba ka inshorar gaba ɗaya, ko ya ƙara maka kuɗi, ko ya rage adadin da zai biya a kan kare, ko ya ba ka inshorar amma ya cire duk abin da kare ya jawo. Na ƙarshen nan shi ne mafi haɗari, domin komai zai zama kamar lafiya lau: kana biyan kuɗinka, banki ya gamsu, takarda na cikin durowa. Sai ranar da abin ya faru za ka ji labari.

Karen da aka haɗa iri ma bai tsira ba. Takardu da yawa kan ce "ko duk wanda ke da jinin ɗayansu". Idan daga gidan kula da dabbobi ka ɗauko shi, duba abin da suka rubuta a katinsa, domin kamfani zai iya kafa hujja da shi.

Mataki na uku: duba dokar jiharka ta fuska biyu

Inshora a Amurka jihohi ne ke kula da ita, ba gwamnatin tarayya ba, shi ya sa shawarar ɗan'uwanka da ke wata jiha ba lallai ta yi maka aiki ba.

Fuska ta farko: shin jiharka ta yarda kamfani ya ƙi ka saboda irin kare? A New York, Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a kan doka a Oktoban 2021, ta fara aiki a Janairun 2022, wadda ta hana kamfani ƙin mai gida, ko soke masa inshora, ko ƙara masa kuɗi saboda irin karensa kaɗai. Nevada ma ta yi irin wannan doka a 2021. Arizona, Illinois, Minnesota da Colorado sun biyo baya, Pennsylvania da Michigan kuwa sun daɗe da nasu takunkumin a kan kamfanoni. Ƙa'idojin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, amma kusan duka sun bar ƙofa ɗaya a buɗe: karen da ya taɓa cizo, ko wanda hukuma ta ayyana a matsayin mai haɗari, kamfani na da damar ƙin sa. Shafin intanet na hukumar inshorar jiharka zai nuna maka inda ake ciki.

Fuska ta biyu: idan cizo ya faru, yaya kotu ke ɗora alhaki? A Kalifoniya da Fulorida da jihohi da dama, mai kare ne da alhaki kai tsaye, ko da karen bai taɓa nuna wani mugun hali ba, muddin wanda aka ciza yana kan hanya ko ya shigo gidan da izini. A Teksas da Virginia, sai wanda aka ciza ya nuna ka san karenka na da haɗari, ko ka yi sakaci. Kada wannan ya sa ka saki jiki, domin barin ƙofar shinge a buɗe ko sakin kare ba igiya inda doka ta ce a ɗaure, sakaci ne. A New York ma, a Afrilun 2025 kotu mafi girma a jihar ta buɗe hanyar ƙarar mai kare bisa sakaci, a shari'ar wata ma'aikaciyar gidan waya da kare ya ciza tana kai saƙo.

Ka leƙa dokar gari da ta ƙungiyar masu gidajen unguwa kuma. Denver ta hana Pit Bull tun 1989, sai a 2020 masu zaɓe suka sassauta, amma har yanzu akwai garuruwan da ke da irin wannan hani.

Mataki na huɗu: tambaya kafin karen ya shigo, kuma faɗi gaskiya

Wannan shi ne matakin da na fi so ka riƙe. Kira wakilinka tun kana shawara, ba bayan yara sun raɗa wa kwikwiyo suna ba. Tambaye shi: kuna da irin karnukan da ba ku rufewa? Shin adadin diyyar kare daidai yake da na sashen E, ko an rage shi? Idan ya yi cizo a wajen gida, a wurin shaƙatawa ko a gidan aboki, kuna biya? Idan ɗana ne ya fita da shi, ko wani na ba wa ajiya? Bayan cizo na farko, me zai faru da inshorata? Da kun gama, ka ce ya turo maka amsoshin ta imel. Maganar baki ba ta tsayawa a gaban mai binciken diyya.

A takardar neman inshora za ka tarar da tambayoyi kamar haka: akwai dabba a gidan, wane iri ne, ya taɓa cizon mutum? A nan ne wasu ke rubuta Labrador alhali Pit Bull ne a bayan gida, ko su ce babu kare sam. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kamfanoni da yawa kan turo mai duba gida bayan an ƙulla yarjejeniya, kuma a yawancin jihohi suna da damar sokewa cikin kwana 60 na farko. Mai dubawa zai ga ɗakin kare, ya ga kwanon abinci, ya ji haushi. Ko bai gani ba, ranar cizo rahoton hukumar dabbobi da takardun likitan dabbobi za su faɗi irin karen. Ɓoye abin da zai iya sauya shawarar kamfani dalili ne na ƙin biya, har ma da rushe yarjejeniyar tun daga tushe. Ka ga ke nan ka biya kuɗin shekaru a banza, ga lauya da diyya a wuyanka. Idan kuma da bashin banki ka sayi gidan, da zarar an soke taka, banki zai ɗora maka tasa inshorar, mai tsada, wadda galibi ginin kawai take karewa, ba kai ba.

Akwai kuma rahoton CLUE, na kamfanin LexisNexis, mai ɗauke da tarihin diyyar da aka nema a kanka da kan gidanka na shekara bakwai. Kamfanoni na duba shi, kuma doka ta ba ka damar karɓar naka kyauta sau ɗaya a shekara. Karɓe shi ka ga abin da suke gani.

Mataki na biyar: karanta takardar idan ta iso

Kada ka tsaya a shafin farko. Wuce zuwa sashen abubuwan da aka togace, sannan ka bi ƙarin shafukan da ake liƙawa a baya ɗaya bayan ɗaya, domin a nan ake sa maganar dabbobi, sau da yawa a shafi guda mai layi biyar ko shida.

Ga misali don ka ga bambancin. A ce shafin farko ya nuna dala 300,000 a sashen E, amma wani shafi a baya ya ce abin da dabba ta jawo ba zai wuce dala 25,000 ba. Kare ya ciji yarinya a fuska, aka yi mata ɗinki, likita ya ce sai an sake aiki idan ta girma, aka sasanta a kan dala 120,000. Kamfani zai biya 25,000 ya zare hannunsa. Sauran 95,000 daga albashinka da ajiyarka za su fito, kuma kotu na iya ɗora bashin a kan gidan.

Duk shekara idan takardar sabuntawa ta zo, sake dubawa. Kamfani na iya sauya sharuɗɗa, sanarwar ta zo cikin ambulan da ka ajiye ba ka buɗe ba.

Mataki na shida: idan an ƙi ka

Ba ƙarshen hanya ba ne. Fara da kamfanonin da ba sa duba iri. State Farm, wanda shi ne mafi girma a inshorar gida a ƙasar, ya bayyana cewa ba ya tambayar irin kare, tarihin cizo yake dubawa. Nemi dillali mai zaman kansa da ke hulɗa da kamfanoni da yawa, ka faɗa masa irin karen tun a kiran farko, shi ya san ƙofofin da za su buɗe.

Idan kana son ci gaba da kamfaninka, za ka iya yarda su cire karen, sannan ka sayi inshorar alhakin kare ita kaɗai daga kamfanonin da suka ƙware a kanta. Ka tabbata babu ko kwana ɗaya tsakanin ƙarewar wannan da farawar waccan.

Sai inshorar laima (umbrella), wadda ke hawa kan ta gida da ta mota, ta biya abin da ya wuce adadinsu, tana farawa daga dala miliyan ɗaya. Ga mai babban kare ina ganin ta cancanci kuɗinta. Amma ka tambaya ƙarara ko ta rufe karenka, domin wasu suna kwafo togaciyar da ke cikin inshorar gida, kuma yawanci sai ka ɗaga sashen E zuwa dala 300,000 kafin su ba ka.

Haɗa wa karen fayil: takardar allurar rigakafin haukan kare, lasisin gari, shaidar dandaƙa idan an yi, hoton shinge da makullin ƙofarsa. Ƙungiyar American Kennel Club na da gwajin ladabi mai matakai 10 da ake kira Canine Good Citizen, tun 1989 ake yin sa, kuma wasu kamfanoni kan sassauta idan sun ga shaidarsa. Abu ɗaya da zan gargaɗe ka a kai: horar da kare don ya kai hari. Ko kamfanonin da ba sa duba iri suna tambayar wannan, kuma amsar "e" na iya rufe maka kusan kowace ƙofa. Ɗaure kare da sarƙa yini guda a rana, kamar yadda wasu suka saba, ya saɓa doka a jihohi da dama, kuma yana ƙara masa zafin rai.

Idan haya kake, ko kai ne mai ba da haya

Ɗan haya ya sani cewa inshorar mai gida ba ta kare shi. Tasa HO-4 ce za ta biya, kuma duk abin da aka faɗa a sama ya hau kanta.

Mai ba da haya shi ne ya fi bukatar natsuwa, domin lauyan wanda aka ciza yakan nemi inda kuɗi yake. A jihohi da dama, idan ka san karen ɗan hayarka na da haɗari kuma kana da ikon sa a fitar da shi ba ka yi ba, za a iya haɗawa da kai. A Maryland, a 2012 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa Pit Bull na da haɗari a halittarsa, ta ɗora alhaki har kan masu gidajen haya, sai a 2014 majalisar jihar ta sauya dokar. Don haka ka sa maganar kare a rubuce cikin yarjejeniyar haya, ka bukaci shaidar inshorar ɗan haya da ta rufe karen da sunan irinsa, ka ce a sa sunanka cikin waɗanda za a sanar idan an soke ta. Ka gaya wa naka kamfanin ma. Idan kuma ɗan haya mai bukata ta musamman ya zo da karen da ke taimaka masa, kamar na jagorar makaho, dokar adalci a gidaje ta tarayya ta ba shi kariya, kada ka ƙi shi sai ka ga lauya.

Ranar da cizo ya faru

Kulle karen tukuna, sannan ka kula da wanda ya ji rauni: a wanke wurin da ruwa da sabulu sosai, a kai shi asibiti, idan abin ya yi tsanani a kira 911. Ba shi sunanka da lambarka da shaidar allurar karen. Jajanta masa da zuciya ɗaya, wannan hakkin maƙwabtaka ne, amma kada ka yi alƙawarin adadin kuɗi, kada ka sa hannu a wata takarda. Ɗauki hoton wurin, ka rubuta sunayen waɗanda suka gani. Sanar da kamfaninka a ranar, ko da mutumin ya ce ya yafe. Rauni kan kumbura bayan kwana biyu, kuma wanda aka ciza yana da shekara biyu a Kalifoniya da Teksas, uku a New York, ya shigar da ƙara. Jinkirin sanarwa ko sasantawa a ɓoye na iya ba kamfani hujjar zamewa. Hukumar dabbobi galibi za ta sa a killace karen kwana 10 don a tabbatar ba shi da hauka.

Idan ɗanka ne karen maƙwabci ya ciza, kada kunya ta hana ka neman hakkinsa. Masu kai saƙon gidan waya sama da 5,800 karnuka suka kai wa hari a 2023, abu ne da ake gani kullum, kuma don shi aka yi inshorar. Kai rahoto ga hukumar dabbobi, ɗauki hoton raunin tun daga ranar farko har ya warke, adana kowane rasit, ka nemi sunan kamfanin inshorar maƙwabcin. A mafi yawan lokuta kamfanin ne zai biya, ba aljihunsa ba. Kada ka karɓi tayin farko a kan raunin fuska ko hannu kafin likita ya faɗi ko za a bukaci wani aiki nan gaba, domin da ka sa hannu a takardar sallama, maganar ta rufe.

Idan kamfani ya ƙi biya ko ya soke maka inshora, ka ce ya ba ka dalilin a rubuce tare da sashen da ya dogara da shi. Da wannan wasiƙar, da imel ɗin wakilinka, da kwafin takardar inshorar za ka shigar da koke a hukumar inshorar jiharka. Kyauta ne, ana iya yi ta intanet, kuma wajibi ne kamfanin ya ba hukumar amsa.